Ranar Da Muka Ƙetare Dillalin Albasa

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina jujjuya maganar nan a raina kafin in ɗauki alƙalami, don karatuna bai yi nisa ba, abin da na iya ma a ajin yaƙi da jahilci na ƙarasa tsintarsa, saboda haka a yi haƙuri da rubutun. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma kullum sai mun haɗa ido. A lokacin da abin ya faru ni ƙaramar mace ce mai haihuwar fari, ina aure a Danwarai kusa da Aliero, lokacin duk muna cikin jihar Sakkwato. Mutum ce ni mai yawan fargaba tun ina gidanmu. Idan ɗiyata ta daɗe tana barci sai na kai yatsa bakin hancinta na ji tana numfashi kafin hankalina ya kwanta. Ga ta kuma da tari wanda ba ya jin magani. Ba ni da wani tunani a duniya sai na abin da za ta ci da kuɗin allurarta, kuma duka biyun a cikin albasar maigidana suke.

Maigidana manomin albasa ne a fadama, ba shi da injin ban ruwa, jigo yake ja. Wanda bai taɓa ganin mai jigo ba ba zai gane ba. Tun daga dashe har cira, mutum yana tsaye a bakin rijiya yana sunkuyawa yana miƙewa, fangali bayan fangali, har tafin hannunsa ya koma kamar ƙirgi. In ya dawo ni nake gasa masa baya da ruwan zafi. Ni kuma nawa aikin, in yanke lawashi in daka in yi gabu, sannan in ɗinka wa buhuna hula. Buhun da dillalai suke karɓa ba ya ƙarewa a bakinsa, sai an cika shi an tula a sama an rufe tulin da ƙyalle an ɗinke, wannan ƙyallen shi ne hula. Buhu da rabi ke nan a kuɗin buhu ɗaya. Da tsofaffin zannuwana nake yi, don ba mu da kuɗin sayen wani abu.

Yadda ake ciniki a kasuwarmu kuwa, manomi ba ya ganin fuskar mai sayen kayansa. Fataken da suke zuwa daga Ikko da Badun a gidan dillali suke sauka, shi yake ba su masauki da abinci, shi yake shiga kasuwa a madadinsu. Namu dillalin wani Alhaji ne, tun uban maigidana shi yake karɓar albasar gidan. In ka sauke kayanka sai ya zo ya soka basilla a buhun sama ya faɗi tayinsa ya wuce. Da zarar basillarsa tana jikin buhunka babu dillalin da zai ƙara kallonka, wai addini ya hana taya a kan tayin ɗan'uwa. In ka ce albarka, sai ya bar ka a rana. Albasa kuwa ba ta jira, tana zufa a cikin buhu kana ji tana canza wari. Kafin la'asar da bakinka za ka aika a kira shi ka ce ka sallama, sannan kuma ya cire la'adarsa. Haka muka taso muka gani, ban taɓa jin wani ya ce zalunci ne ba.

Abin ya fara ne ranar da tarin ɗiyata ya tsananta, na kai ta asibiti a Jega tare da surukata. Da muka fito muna jiran mota a tasha ta wajen Sabon Gari, sai ga wata babbar motar kaya, roka, cike da albasa ta tsaya ana duba taya. Ina ɗaga kai na ga zanena. Wani shuɗi mai zanen ganye wanda aka sa mini a lefe, ga shi can a kan buhuna a jere, har ɗinkina na gane don ni ina ninka bakin sau biyu. Kayan da maigidana ya sallama ne a kasuwar da ta wuce. Mai kayan wata Bayarabiya ce babba, tana zaune a inuwa tana fifita, tana jin Hausa sosai. Ta ga ɗiyata ta yi mata wasa, ta ce amarya kawo ta nan in gani, har ta ba ta burodi. Hira ta yi hira sai ta fara kuka da tsadar albasa, wai manoman Aliero sun zama 'yan fashi bana, ta faɗi abin da ta biya a kowane buhu. Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Wallahi kuɗin ya ninka abin da aka ba maigidana har da ɗori. Da surukata ta zaga, na yi ƙarfin hali na gaya mata kayan mijina ne, na faɗi abin da aka ba shi. Ta riƙe haɓa ta yi salati irin nasu. Ta ce ita ba za ta iya saye a hannunmu a Aliero ba don a gidan Alhaji take kwana, amma motarta takan tsaya a Maiyama direba ya ci abinci, in an kawo mata kaya mai kyau can za ta ɗora a sama ta biya hannu da hannu. Ta faɗa mini ranar da za ta sake wucewa.

Na dawo gida na zayyana wa maigidana. Ya ce in bar maganar, ba a ƙetare Alhaji. Ya ba ni labarin wani mutumin Birnin Malam da ya gwada haka aka farke masa buhuna a kan hanya. Da na bar ta a nan da yanzu ban rubuto muku ba. Amma na kasa. Duk lokacin da yarinyar ta yi tari sai in ga zanen nan a kan roka. Na dinga yi masa ciwon baki safe da yamma. Na ce shi yana jan jigo wani yana zuwa Makka da bayansa. Na ce jakin Alhaji ma ya fi shi, don shi ana ba shi dusa. Ranar da na kai ƙarshe na ce masa in tsoro yake ji ya ba ni wandon in sa, shi ya goyi yarinyar. Bai taɓa dukana ba, ranar ma bai yi ba, amma na ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi. Ya tashi ya fita. Da ya dawo ya ce ya yi magana da maƙwabtanmu biyu, sun yarda, za su ɗauki hayar a-kori-kura su kwashi rabin abin da ke rudu, wato rumfar karan da muke ajiye albasa a kai. Ya ce tunda ni na san fuskar matar, da ni za a je.

To ga babban kuskurena. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan lodi ne a kasuwar Aliero, cikin masu ɗora wa Alhaji kaya a mota. Shi ya goye ni ina ƙarama, ban taɓa ɓoye masa komai ba. Ya zo gaishe ni ya tarar ban da sukuni, ya ce auta me ke damunki, sai kawai na fashe da kuka na gaya masa duka, har rana har wuri. A wautata ina ganin in wani abu ya taso zai kare mijina. Har na ce ya zo ya yi mana lodin a biya shi da kyau. Ya ce auta kin san a kan kowane buhu ake biyanmu, in manoma suka koyi wannan hanya mu me za mu ci. Na ce Yaya sau ɗaya ne kawai. Ya ce Allah ya kyauta, ya tashi ko furar da na dama masa bai sha ba.

Ranar muka fito da hantsi, mazan uku suna baya a kan buhuna, ni ina gaba da yarinya a cinya. Muka wuce Jega lafiya muka haye gada. Amma na lura direban ba ya kallon hanya kamar yadda yake kallon madubi, kuma ya rage gudu ba dalili. Da muka kai wani wuri da babu gida ko ɗaya, sai ya gangara gefe ya ce inji ya yi zafi. Bai buɗe injin ba. Ya fita ya tafi can gindin wata bishiya ya juya mana baya. Kafin in buɗe baki sai ga roka babu kaya ta sha gabanmu, 'yan lodi suna dirowa tun ba ta gama tsayawa ba, kowa da ƙugiyar ƙarfen da suke jan buhu da ita. Shugabansu wani ƙato ne da ake kira sarkin lodi, yana tafe yana cewa sannunku da zuwa manyan fatake, ina za a kai kayan, Ikko ko Makka.

Ba su jira amsa ba. Suka hau motar suka fara kafta wa buhuna ƙugiya suna farkewa, albasa tana zubowa kan kwalta tana gangarawa, motocin da ke wucewa suna bi ta kai suna murƙushewa. Warin ya cika wurin har ido ba ya buɗuwa. Ɗaya maƙwabcin namu ya ɗaga sanda, aka maƙala masa ƙugiya a kunne aka fizgo shi ƙasa, kunnen ya tsage ya rataya, jini ya wanke masa riga. Ɗayan ya ruga daji suka bi shi da jifa. Maigidana kuwa sai ya rungume buhu ɗaya da hannu biyu ya ƙi saki, yana cewa guminsa ne, ba na uban kowa ba ne. Suka yi ta dukansa a baya da haƙarƙari bai saki ba. Sai sarkin lodi ya koma rokarsu ya ɗauko ƙarfen cire taya. Na ga lokacin da ya ɗaga shi. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshen kara, sau biyu, sannan hannun daman maigidana ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, ƙashi ya huda fata ya fito fari. Bai yi ihu ba, wani irin gurnani ya yi kamar sa a mayanka.

Ni ce na yi ihun. Wani ya buɗe ƙofa ya fizgo ni da mayafi ya ce ga uwar gayyar nan, ga mai bakin. Na faɗo a kan kafaɗata na dunƙule a kan yarinyar, aka shure ni a baya, aka sake shuri. Yarinyar ta yi ɗif, babu kuka babu motsi, idonta a buɗe. Edita, ban san tsawon lokacin ba, amma a cikinsa na mutu na dawo. Sai da na girgiza ta na hura mata fuska sannan ta ja numfashi ta tsala ƙara. Da na ɗago, sai na hango Yayana a bayan mutane, ƙugiyarsa tana rataye a hannu. Bai doki kowa ba, bai kuma hana kowa ba. Da muka haɗa ido sai ya juya kai. Sarkin lodi ya tsaya a kan maigidana ya ce a je a gaya wa mutanen Danwarai, duk wanda ya ce zai cire tuwo daga bakin 'ya'yansu, da hannun da ya miƙa za a fara. Suka hau motarsu suka tafi. Wani mai motar itace ne ya tausaya ya kwashe mu.

Kowa ya san Aliero da ɗori, can aka kai shi gidan wani tsoho mai ɗori da ke bayan kasuwa. Maza huɗu suka danne shi aka ja hannun aka jera kara aka ɗaure, ya suma ya farfaɗo. Ina nan ina jinyarsa har ranar kasuwa ta zagayo. Ban san mutanen ƙauyenmu sun yi shawara ba, sai wajen azahar na ji wata irin gunza kamar ruwa yana tahowa. Na leƙa ta ƙofar zaure na ga mazan Danwarai da na ƙauyukan kusa sun shigo da gora da barandami da lauje, ƙanen maigidana yana gaba. Gidan Alhaji suka fara zuwa, aka ce ai tun da safe ya tafi Sakkwato. Sai suka juyo kan 'yan lodi. Mutane suna gudu suna tattake kayan mata, ana sara ana jifa da duwatsun awo, na ga wani yana rarrafe da ƙashin hannunsa a waje, na ga wani dattijo da bai san hawa ba bai san sauka ba an fasa masa kai yana zaune yana kalmar shahada. Sarkin lodi ya haura katanga ya tsere. Aka cinna wa rumfunan Alhaji wuta, suna murna, ba su tuna albasar da ke ciki ta manoma ce da aka karɓa ba a riga an biya ba. Yayana yana tsakiyar hawa katakon lodi da buhu a bayansa, kansa a sunkuye, bai ma ga abin da ke zuwa ba. Ƙanen mijina ne ya sheme shi da gora a ƙafa, ya faɗo buhun ya danne shi, suka rufe shi da duka. Na fita da gudu ba mayafi ina cewa wana ne, wana ne, babu mai jina. Sai da 'yan sanda suka iso daga Jega suka harba barkonon tsohuwa sannan aka watse, suka kwashi na kwasa daga kowane ɓangare.

A zauren nan dai aka shimfiɗa wa Yayana tabarma, ƙafa a karye, ƙashin wuya a karye, idon hagu ya fashe. Mijina a wannan bango, wana a wancan, ni a tsakiya da kwanon kunu ɗaya ina ba wannan ina ba wancan. Ba su yi wa juna magana ba. Sai wata rana da mijina ya yi barci Yaya ya kira ni a hankali, ya ce auta wallahi shi ya gaya wa sarkin lodi ne don a tare mu a mayar da mu da baki, bai san za a ɗauko ƙarfe ba. Ya ce da bai faɗa ba aka gane ya sani, shi za a kora daga lodi. Na ce na ji. Ban iya cewa na yafe ba, ban kuma iya cewa ban yafe ba, don ni na sa maganar a kunnensa.

Da ƙura ta lafa sai ga Alhaji ya dawo, ya zo dubiya da farar babbar riga yana ƙamshin turare. Ya tsuguna a gaban mijina yana cewa ɗana me ya kai ka, da ka zo ka same ni ai da mun daidaita. Ya juya wajen Yaya ya ce shi bai aiki kowa ba, yaran ne da zafin kai. Ya ajiye goro, ya biya mai ɗori na mutum biyun, ya je ya yi belin manoma da 'yan lodi gaba ɗaya. Ina ji mutane a ƙofa suna cewa Allah ya saka wa Alhaji, ba don shi ba da garin ya ƙone. Ni ma da ya ce ɗiyata ya jikin yarinyar, durƙusawa na yi na ce da sauƙi Baba. Sauran albasar da ke rudu kuwa ta fara ruɓa don babu mai juya ta, babu kuma dillalin da ya yarda ya kalle ta. Alhajin dai aka kai wa, ya saya yadda ya ga dama, muka yi godiya. Hannun maigidana ya ɗoru amma ya sandare, ba ya miƙewa ba ya kaiwa baki, jigo ya ƙare masa. Fadamar tana hannun wani yanzu. Maigidana kuma yana gadin rumfunan da Alhaji ya sake ginawa, Yaya ma ya koma lodi da ido ɗaya yana ɗingishi.

Ban rubuto don in ce dillali yana da gaskiya ba. Har gobe cin gumin mutane yake, kuma akwai ranar da za a tsaya gaban Wanda ba a soka wa basilla. Abin da na gane shi ne gaskiya ba ta isa ba in ba ka da jama'a. Mutum uku da mace mai goyo ba su ture abin da ya kafu tun kakanni. In manoma za su nemi haƙƙinsu, su haɗu gari guda, su je da rana tsaka ta hannun hakimi da malamai, su jawo 'yan lodi a jiki don su ma cinsu ake yi. 'Yan'uwana mata, abin da kuka gani ku faɗa wa mazanku, amma kada ku soki mutum a kan mazantakarsa, don zai tafi inda ya san halaka ce saboda kawai kada ki raina shi. Kuma maganar da ta shafi abincin wani, ko ɗan'uwanki ne na jini, ki auna kafin ki sa shi zaɓi tsakaninki da tukunyar gidansa. Kwanan baya na zuba wa ɗiyata tuwo na ga ta sa hannun hagu tana ci, tana karkata kafaɗa yadda babanta yake yi. Na ɗaga hannu zan buge ta kamar yadda kowace uwa za ta yi, sai ta ce ai haka Baba yake ci. Na sauke hannuna na shiga ɗaki. Don Allah duk wanda aka miƙa wa gora ko ƙugiya aka nuna masa talaka ɗan'uwansa, kafin ya ɗaga, ya tambaya tukuna ina mai kayan yake, don ranar da muka zubar da jininmu shi yana Sakkwato.